Albashin Mika da Takin Gonar Gawo

Tudun Maƙera, Kunci
8 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Mika,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kun koma Ibadan lafiya, kai da Joyce da yaran. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ba ta san an shiga sabuwar shekara ba. Innarka Kulu ta rabu da tarin nan, ta koma faɗa da awakinta, wanda a wurinta shi ne alamar samun sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali kana da lambata. Ka san a garin nan waya ba ta kamawa sai a gindin tsamiyar makaranta, kuma nan ne majalisar dattawa. Duk wanda ya ɗaga waya a wurin, da mutum goma sha biyu ake yin hirar. Ga kuma kunnena da ya fara zaɓen abin da zai ji. Shi ya sa na ba Sabiru direba, tunda duk bayan mako biyu yana sauke albasa a wajenku.

Farar motar da ka zo da ita Kirsimeti ta tafi, amma zancenta yana nan. Tun ranar ake gardamar abin da ake biyan manajan ciniki irinka. Ɗan Fasto ya duba a wayarsa, ya ce daga dubu ɗari biyu ne zuwa miliyan biyu a wata. Na ce masa wannan ba amsa ba ce, kamar a tambaye ka tsawon rijiya ne ka ce daga gwiwa zuwa gaba ashirin. Ni shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, albashin malami kuwa ko mai tallan ƙosai ta san shi. Naku ne aka rufe kamar tukunyar amarya.

To, a matsayina na ƙanen mahaifinka, wanda yanzu ni ne uban da ya rage maka, ina tambayarka kai tsaye: nawa ake biyan ka? Ba roƙo zan yi ba. Fanshona yana zuwa in ya ga dama, rumbuna kuma da sauran dawa. Ka faɗa mini gaskiya, ba za ta wuce ni ba.

Yayanka Maikuɗi yana gaishe ka. Kwanan nan ba shi da zance sai na adaidaita sahu da komawa Kano. Na kuma ga Malam Fa'izu mai sayen hatsi ya zaga gonar Gawo har sau biyu, yana bin iyaka kamar mai ƙirga taku. Gonar mahaifinku nake nufi, wadda ta faɗo wa Maikuɗi a rabon gado. Amma wannan zance ne na wata rana.

Ubanka,
Buwai

*

Ibadan
23 ga Janairu

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Mun iso lafiya, sai dai ƙaramar ta yi zazzaɓi na kwana uku, yanzu ta miƙe. Joyce tana gaishe ka da Inna. Ga man zafi nan na ba Sabiru saboda gwiwar, a riƙa shafawa safe da yamma, ba sai ranar da aka tuna ba.

Na yi dariya da na karanta labarin majalisar tsamiya. Ashe har yanzu ba su sami aikin yi ba. Bari in ba ka abin da za ka rufe musu baki da shi.

Aikina shi ne in tabbatar sabulun kamfaninmu ya shiga kowane shago daga nan har Oyo da Ogbomosho. Mutum tara ne a ƙarƙashina, da motocin kaya uku. Ni nake raba musu unguwanni, ni nake zama da manyan diloli, kuma ni ake kira daga Legas in ciniki ya yi ƙasa. A watan Disamba, da aka haɗa komai da komai, abin da ya shigo mini dubu ɗari takwas da saba'in ne. Wata dai yakan fi wata. Alhamdu lillahi, wahalar da kuka yi a kan karatuna ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Batun Malam Fa'izu kuwa, ina jin haya yake nema ta damina ɗaya ya zuba gyaɗa. Ka san Yaya Maikuɗi da fartanya ba su taɓa shiri ba. In ya ba da hayar ma gara, da a bar gonar ciyawa ta cinye.

Ɗanka,
Mika

*

Tudun Maƙera
11 ga Fabrairu

Mika,

Gaisuwa da fatan alheri. Man ya iso, gwiwar ta ɗan ji tsoronsa. Allah ya ƙara wa yarinyar lafiya. Takardarka ta faranta mini rai ƙwarai, har na karanta ta sau uku, na kuma karanta wa Innarka layin da ya dace.

Yanzu ga zancen da na ce na wata rana. Ba haya Malam Fa'izu yake nema ba, saye ne. Maikuɗi zai sayar da gonar Gawo ya sayi adaidaita sahu, an kuma yi ciniki a kan miliyan biyu da dubu ɗari shida. Ya kasa faɗa maka da bakinsa, ya bar mini.

Za ka ce me ya sa ban gaya maka tun farko ba. A gidanmu ba a ce wa mutum ɗauki kaya sai an dubi wuyansa. Da na ce maka ana sayar da gonar ubanka, ya zamana ba ka da hali, da na tilasta maka faɗin abin kunya da bakinka. Shi ya sa na fara tambayar albashin. Da amsa ta zo na ɗauki alli na buga a bayan ƙofa, na ga kuɗin gonar albashinka ne na wata uku. Daga yau zuwa ruwan shuka kuwa akwai wata huɗu. In ka ɗaure ciki, ka haɗa da ɗan abin da ka ajiye, ya isa har da canji.

Ranar Litinin muka zauna a zauren mai unguwa, ni da Maikuɗi da Malam Fa'izu. Na ce ɗanmu na Ibadan zai saya.

Mai unguwa ya ce, “Malam Buwai, a gonar gado ɗan gida ne gaba da bare, wannan ba gardama. Amma fa baki ba ya riƙe gona.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, in baki bai riƙe ba, taki yana riƙewa.”

Malam Fa'izu ya ce, “Ni ba na shiga tsakanin ’yan'uwa, Malam. Kai ka koya mini baƙi a aji uku. Zan jira har ruwan shuka. Amma in ruwa ya sauka kuɗi bai sauka ba, zan saye ta yadda na same ta, da duk abin da ke cikinta.”

Na ce na ji, shaidu ma suka ji.

Ka daɗe a birni, bari in tuna maka. A nan, in mutum ya kai takinsa gona da yardar mai ita, ya sa hannu ke nan a gaban kowa cewa ta gidansu ce. Ba wanda zai ƙara taya ta. Don haka tun shekaranjiya na fara kai takina na bana gonar Gawo maimakon tawa. Tawa ta haƙura da yunwar shekara ɗaya, in ka saya sai mu noma Gawo tare mu raba. Mahaifinka shekara talatin ya yi yana ciyar da ƙasar nan mangala bayan mangala, har ta koma baƙa. Ba na so in ga wani yana cin gumin yayana ina raye.

Ka rubuto ka gaya mini yadda za ka riƙa turowa.

Buwai

*

Tudun Maƙera
9 ga Maris

Mika,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Zafi ya shigo da ƙarfinsa.

Sabiru ya dawo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya bar takardar a wurin mai albasar nan inda kake karɓa, ba ka zo ba. Na ce ai aiki ne ya riƙe ka, mai tara kuɗin gona ba ya zaman rubutu. Tun kana yaro ma in ka yarda da abu shiru kake yi, in ka ƙi ne ake jin bakinka.

An gama kai taki jiya. Mangala arba'in da ɗaya, har da na garken awakin Innarka, wanda sai da na yi kwana biyu ina lallashi. Jakin ya rame, ni ma haka. An baza shi tun daga gindin gawon har iyakar yamma. Mutane suna tsayawa a hanya suna kallo, suna cewa gidan Buwai sun riƙe kayansu.

Ubanka

*

Ibadan
21 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya na karɓi takardunka biyu a haɗe. Mako uku na yi ina yawon garuruwa ina roƙon diloli su ɗauki kaya, daga nan aka kira mu taro Legas. Tun jiya nake kiran wayarka a kashe. Na san sai ranar kasuwa ake kai ta caji.

Baba, ban yi maka ƙarya ba, amma ban gaya maka gaskiya ba. Albashina na tsaye, wanda nake da tabbacin gani a ƙarshen wata, dubu ɗari biyu da arba'in ne. Sauran duk kamasho ne. Kowane wata kamfani yana yanka mini adadin katan ɗin da zan sayar. In na kai, a ba ni kaso. In na gaza, ko da katan goma ne, ba ni da komai sai na tsayen. Disamba kowa wanki yake, kowa biki yake, ga kyautar ƙarshen shekara da aka haɗa a ciki. Sau ɗaya ake irin wannan watan a shekara. A Janairu da ƙyar na haura dubu ɗari uku. A Fabrairu ban kai adadin ba, kuma yadda nake gani wannan watan ma ba zan kai ba, domin an ƙara wa sabulun kuɗi mutane sun koma wa mai araha.

A cikin na tsayen nan ake biyan haya da makarantar yara biyu da abinci. A nan ko ganyen miya saye ake yi. Duk abin da na ajiye a shekara huɗu bai wuce dubu ɗari biyar ba.

Motar kuma ba tawa ba ce, ta kamfani ce. Sai da na sa hannu aka bar ni na zo da ita, man ma daga aljihuna. Akwai tambarin kamfanin da ake mannawa a jikin ƙofa. A Zariya na tsaya na cire shi na sa a but ɗin motar, don kada ku gani.

Da ka tambaye ni, na ɗauka dattawan gindin tsamiya nake ba amsa, shi ya sa na zaɓi watan da ya fi kowane kyau. Na so ka ɗaga kai a cikinsu. Da na san gona ake aunawa da maganata, da na tsayen zan ba ka. Na rubuta cewa wata yakan fi wata, na zaci hakan ya wadatar. Bai wadatar ba, na sani.

Ba zan iya haɗa kuɗin nan kafin ruwa ba. Ina jin kunyarka ƙwarai. Shin ba yadda za a yi a kwashe takin a mayar gonarka tun da sauran lokaci?

Mika

*

Tudun Maƙera
6 ga Afrilu

Mika,

Mun ga takardarka. Muna lafiya. Gwiwar ta dawo da halinta, man ya ƙare.

Ashe dillali ne kai, sai dai mai ɗaura taye a wuya. Abin da kuke kira kamasho shi muke kira la'ada a kasuwar Kunci, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi cinikin gona da la'adar da bai karɓa ba tukuna. Da ka ce mini haka tun farko, da na gane cikin minti ɗaya.

Na ji haushi, na kuma ji kunya. Haushin naka ne, kunyar tawa ce. Manomi in aka tambaye shi ƙarfinsa, da muguwar shekara yake amsawa, domin ita ce ba ta yaudara. Mahaifinka bai koya maka wannan ba ne, ko birni ne ya goge? Amma ni ma ban wanke kaina ba. Na ga layin nan naka na wata yakan fi wata, na ɗauka tawali'u ne irin na ɗan da aka yi wa tarbiyya. Na tambaye ka ta bayan gida, ka amsa mini ta bayan gida.

Batun kwashe taki, ka daɗe da barin gida lalle. An baza shi wata guda ke nan, gara ta shiga, iska ta yi aikinta, ya zama ƙasa. Ko da ana iya tsince shi, kana so a ga tsohon malami mai shekara sittin da takwas a durƙushe a gonar da ya yi rantsuwa a kanta, yana tattara kashin awaki? Taki ba ya bin mai shi gida.

Na karanta wa Innarka takardar duka, har wurin tambarin mota. Sai ta ce, “To shi yaron yana cin abinci kuwa? Ka tambaye shi.” Daga baya da ta tuna da awakinta ta ce, “Kai kuma da allinka, gobe ka sake yi mini lissafi a bayan ƙofa ka gani.” Na goge shi da tsumma.

Kada ka kuskura ka ci bashi saboda wannan, kuma kada ka taɓa kuɗin makarantar yara. Na hana. Ban gaya wa mai unguwa komai ba tukuna. Akwai wata biyu, kuma ba ni ne mai saukar da ruwa ba.

Kana cin abinci kuwa?

Buwai

*

Ibadan
14 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina cin abinci, a gaya wa Inna.

Na kira Yaya Maikuɗi, mun yi magana ta kusan awa guda, wadda rabonmu da irinta tun rasuwar mahaifinmu. A Afrilu na kai adadin da aka yanka mini, don haka na ce masa zan ba shi dubu ɗari takwas yanzu, sauran in riƙa biya duk wata. Ya ce ba ƙi ya yi ba, amma mai adaidaita sahun ba ya sayar da ƙafa ɗaya, kuma kullum farashin hawa yake. Ya ce shekara goma yana noma gonar nan bai taɓa ganin hatsinta ya kai shi bikin Ista ba. Aikina ke nan kullum, shawo kan mutum ya karɓi abin da bai yi niyya ba, amma na kasa da yayana.

Ga kuɗin takin zamani buhu biyu na ba Sabiru, don gonarka. Na san ba daidai yake da wanda ka rasa ba. Kada ka mayar mini.

A nan ruwa ya daɗe da sauka. Duk sanda na ji shi a kan kwano sai in tuna da wa'adin gonar Gawo. Can fa?

Mika

*

Tudun Maƙera
27 ga Oktoba

Ɗana Mika,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, an gama yankan gero, ana jiran dawa. Na san na daɗe ban rubuto ba. Ba fushi ba ne, damina ce, kuma ba ni da labarin da Maikuɗi bai riga ya ba ka a waya ba.

Duk da haka bari ka ji daga hannuna. Ruwan shuka ya sauka ranar huɗu ga Yuni da la'asar. Washegari na sa rigata ta zuwa coci na tafi zauren mai unguwa da ƙafata, kafin a aiko. Na ce ɗanmu bai samu iko ba. Ba wanda ya yi dariya, wanda ya fi dariyar ciwo. Aka rubuta takarda, na sa hannu a matsayin shaida. Maikuɗi yana Kano yanzu, an ce yana jigila tsakanin Kurna da Bata.

Takin zamaninka na zuba, ya taimaka. Gonata ta ba da dami goma sha tara, inda bara ta ba da talatin da biyu. Zai kai mu Afrilu in Innarka ta rage hannu, daga nan sai mu ga abin da fansho zai ce.

Gonar Gawo kuwa, tun mahaifinka yana da ƙarfinsa ban ga ta yi gero irin na bana ba. Zangarniya kamar damtsen mutum. Hanyar coci ta gefenta ta bi, don haka duk Lahadi sai na gan shi, tun yana ƙarami har ya fi ni tsawo. Na gwada zagayawa ta bayan makaranta sau biyu, gwiwar ta ƙi.

Ranar Alhamis da ta wuce sai ga Malam Fa'izu da amalanke a ƙofar gida, da dami biyar a kai.

Na ce, “Malam Fa'izu, ciniki ya ce da duk abin da ke cikinta. Ba ka da nauyina.”

Ya ce, “Na sani, Malam. Ciniki daban, ido daban. Kowa a garin nan ya san wanda ya ciyar da geron nan. In ka mayar, ni ka kunyata.”

Na karɓa. Shekara sittin da takwas ban taɓa karɓar hatsi daga hannun wani a ƙofar gidana ba, amma na karɓa, na kuma yi godiya.

Yanzu a gindin tsamiya in aka tayar da zancen albashin manajan ciniki, ni ake juyowa a kalla. Nakan ce dubu ɗari biyu da arba'in ne, sauran sai yadda kasuwa ta yi. In za ku zo Kirsimeti, ka bar tambarin a jikin motar, ko ku hau ta haya. Kai muke son gani.

Innarka ta sussuka dami ɗaya daga cikin biyar ɗin, ta sheƙe, ta auna kwano shida ta ɗura a buhu. Yana wurin Sabiru, ka je ka karɓa da wuri kada ya kwana mako uku a wurin mai albasa. Joyce ta yi wa yaran kunu da shi, ka gaya musu daga gonar kakansu ya fito. Ka gaya musu su sha a hankali, daga shi babu wani.

Ubanka,
Buwai